Injinan Fatsar Malam Ashafa

Halliru yana cire takalmi a bakin ƙofa Ruƙayyatu, 'yar abokinsa Malam Ashafa, ta tare shi da magana ƙasa-ƙasa.

"Baba Halliru, kada ka ji haushi in bai gane ka ba. Jiya ni ma Zinatu ya kira ni."

Zinatu mahaifiyarta ce, ta daɗe da rasuwa.

Daga unguwar Cheetham Hill ta Manchester Halliru ya taso da safe, ya biyo motar Birmingham, hannunsa a kan aljihun kwat har Small Heath. A aljihun akwai wani tsohon injin fatsa, irin mai naɗe zare a jikin sanda, ja, ƙirar Sweden. Malam Ashafa ne ya ba shi gyara tun kafin ciwon mantuwa ya yi tsanani. Da council, hukumar gari, ta rage ma'aikata aka sallami Halliru daga aikin injiniya, sai ya samu lokacin da bai roƙa ba. Ya warware injin gaba ɗaya, ya kankare tsatsa da tsohon burushin haƙori, ya nemo ƙaramin giyar cikin injin daga wani bature a Stockport.

Shekara da shekaru suna wannan shirme, kamar yadda matansu ke kiransa. Su bi kasuwannin gwanjo ranar Lahadi, su tsinto injinan da turawa suka gaji da su, sannan su zauna suna musu. Ashafa ya ce ƙirar Sweden ta fi laushi a hannu, Halliru ya ce ta Amurka ta fi ƙarko. Kifi kuwa ba su cika kamawa ba.

"An rufe day centre ɗin da yake zuwa yini da sauran tsofaffi," in ji Ruƙayyatu. "Carer mai kula da shi ma sau ɗaya take leƙowa yanzu, ni kuma ina shift a asibiti. Ran nan a bakin ruwan canal aka tsince shi ba riga mai kauri. Ranar Litinin za a kai shi care home, gidan tsofaffi. Ɗakin ƙarami ne, Baba, sun ce ba wurin tarkace. Ka kwashe injinan fatsar nan nasa, kai kaɗai ka san darajarsu."

Ashafa yana zaune kusa da taga, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Halliru ya yi sallama, tsohon ya amsa da ladabi irin na baƙo. Halliru ya durƙusa, ya ɗora masa jan injin a tafin hannu.

Yatsun tsohon ba su manta ba. Babban yatsa ya hau kan zaren, ɗaya hannun ya murza, injin ya juya sumul. Ya kai shi kusa da kunne, ya lumshe ido.

"Wanda ya gyara wannan ya iya aiki," ya ce.

Halliru ya tashi, ya zauna kusa da shi.

Ruƙayyatu ta shigo da kwali, ta fara sauke injinan daga kantar da aka jera su, tana naɗe su da jarida. Nan take fuskar Ashafa ta canza. Ya miƙe, ya riƙe gefen kwalin da ƙarfin da ba wanda ya zaci yana da shi.

"Malam, yi haƙuri," ya ce wa Halliru. "Ka sha hanya a banza. Ba na sayarwa ba ne. Na riga na yi wa wani alkawarinsu."

"Wa ke nan, Malam?"

"Abokina ne, Halliru, yana Manchester. Mai taurin kai ne, amma ba zai bari su yi tsatsa ba."

Ruƙayyatu ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna motsi.

Halliru ya dafa kwalin a hankali, kusa da hannun abokinsa.

"Ai can na nufa," ya ce. "Kawo in kai masa."

Ashafa ya dube shi tsawon lokaci, sannan ya saki.