Ragar da Ke Gindin Katanga

Ranar wata Talata cikin Agusta, katangar bayan gidan Malam Mika'ilu a Ɗan Iya ta faɗo wa matarsa Radiyya tana kwashe shanya. Kafin a samo keke napep a kai ta asibiti ta cika.

Masu gaisuwa suka yi ta ce masa kwana ne ya ƙare. Ya amsa musu, don shekara talatin ya yi yana koyarwa, ya saba da jin amsar da aka haddace. Amma bayan sadakar uku ya ɗauki diga ya tone gindin katangar. Ragar ƙarfen nan mai walda, wadda ya kamata ta zauna cikin kankare ta riƙe fandishan, tana kwance a laka, tsatsa ta gama da ita. Da ya taɓa sai ta marmashe a hannunsa.

Bappa Umar, ƙanen mahaifin Radiyya, shi ya yi ginin shekara tara da suka wuce. Mika'ilu ya zuba guntayen a leda ya nufi Ƙofar Ran. Ya tarar da tsohon a zaure, kuma bai durƙusa ba.

"Bappa, ga aikinku."

Tsohon ya leƙa ledar. "Mene ne wannan kuma, Malam?"

"Raga ce. Ana ɗora ta a kan 'yan duwatsu, kankare ya shiga ta ƙarƙashi ya lulluɓe ta. Ku kuwa kuka shimfiɗa ta a ƙasa kamar tabarma, kuka zuba a kai."

"Haka muke yi tun ba a haife ka ba. Gida nawa na gina a garin nan?"

"Sai a zagaya a ga waɗanda suka rage."

Bappa ya ajiye carbinsa. "Ni ma 'yata na binne. Kuma kana tsaye a bakin ramin ranar, da littafi a hammata kamar injiniya. Na ga irin kallon da kake yi. In ka sani, me ya ɗaure maka baki?"

Mika'ilu ya san abin da ya ɗaure shi. Ya karanta yadda ake yi, ya ga ba haka suke yi ba, har ya buɗe baki, sai ya tuna ba a gyara wa suruki aiki a gaban leburorinsa. Dangin matar ma sun sha yabonsa a kan kunyar nan.

Ya bar ledar nan ya fito ba sallama. Bai tsayar da keke ba, ya taka.

Da yammacin ranar da aka zuba kankaren, Radiyya ta ajiye masa tuwo, ta tambaye shi cikin alfahari ko aikin Bappa ya yi. Ya ce ya yi. Kowace damina yakan ce bana zai gaya mata, sai ruwa ya ɗauke, katanga na tsaye, ya bari. Kalmomin ba su da yawa: Radiyya, ƙarya na yi miki, aikin bai yi ba.