Dubiya ta Taga

Duk Rijiyar Lemo an san Malam Hamzat da zuwa dubiya. Ko mura ce ta kama ka, kafin ka gama atishawa ya yi sallama da ledar lemo, ya riƙe hannunka ya yi ta addu'a har ka ƙosa. To yau ga shi kwance a wani asibiti a Sabon Gari, shi kaɗai a ɗaki, an hana kowa shiga.

Aiki aka yi masa a ƙafa, wurin ya kamu da wata ƙwayar cuta da ba ta jin magani. An canza allura, an sake canzawa, shiru. Sista Philomena, nas ɗin da ke kula da shi, ta ce matarsa Muhibba kaɗai za ta shiga, ita ma sai da safar hannu da rigar leda. Dangi suka yi ca a kanta, wai ba ta san darajar mutane ba.

Philomena ta ce da yayan Malam, "Alhaji, ɗakin gaba masu jego ne da jarirai. Hannun da ya gaisa da Malam, shi zai je ya taɓa su. Ku yi haƙuri."

Shi kuwa Malam, rashin ganin mutane ya fi ƙafar yi masa ciwo.

"Muhibba, ashe ba wanda ya zo?"

"Kullum suna zuwa, Malam. Hana su ake yi."

"Lallashina dai kike yi."

Maganar ta tsaya wa Philomena a rai. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, ta tara masu dubiyar a bayan ɗakin, ta juya gadon ya fuskanci taga, ta yaye labule. Fili ya cika maƙil, har da Emmanuel, maƙwabcin rumfarsa a kasuwa, riƙe da ledar lemo.

Sai dai an makara, idon Malam ya riga ya dushe.

Ya ce, "Faɗa mini su."

Muhibba ta riƙe hannunsa da safar nan da ta tsana, ta fara. "Ga Almu. Ga Sadisu tela. Ga Emmanuel." Duk sunan da ta kira sai ya ce, "Allah ya ba da lada." Tun ana jin muryar har ta koma motsin leɓe.

Can ta kira wani suna, ba amsa. Ta yi Innalillahi a ranta, hawaye na zuba. Amma akwai sauran mutane a baya, sun kuwa sha rana dominsa, sai ta ci gaba da faɗa masa sunayensu har ta kai na ƙarshe.