Tankin da ke Ƙarƙashin Siton Auduga

Ni ne mai gadin tsohon siton auduga na garin Isa a shekarun fari, lokacin da ba auduga, ba ɓarawon auduga. Aikina ya koma ba da labarin ginin ga duk wanda ya tsaya shan inuwa.

Ginin kuwa ya cancanci labari. Wani kamfanin Turawa ya gina shi tun ina goye, da jan dutse, bangon ya yi kaurin kamu biyu. Ƙarafan rufin a jirgin ƙasa sunka zo Ƙauran Namoda, raƙuma sunka ƙarasa da su. Tagogin can sama suke dab da kwano, don iska ta ratsa auduga. Abin da ban sani ba sai in cika da kaina. Ganin manyan indararo, na riƙa cewa Bature ya gina tankin ruwa a ƙarƙashin daɓen, har ina buga ƙafa a ji yadda yake amsawa.

Da rijiyoyi sunka ƙafe, Maliki, wani makiyayi daga Tozai, ya zo da 'yan'uwansa da diga.

"Malam Jibrilla, an ce kai ka san inda ruwan yake."

Matata Hajo ta ja ni gefe. "Malam, ka taɓa ganin tankin nan da idonka?"

Na ce, "Za ni nuna musu dai." A lokacin ni kaina na gama yarda da zancena.

Na auna da taki kamar injiniya, na nuna bakin ƙofa. Sunka fasa siminti har azahar, sai ga rami. Na gyara hula. Maliki ya shiga, ya fito fari fat da ƙura.

Ramin tsohon sikeli ne, inda ake aza buhuna a auna. Ba ɗigon ruwa. Sai angurya da ta yi shekaru tana zurarewa ta tsaga, ta taru ta bushe.

Maliki ya shinshina, ya ce, "Ba ruwa, amma shanu na cin wagga." Sunka kwashe ta a buhuna, ta riƙe 'yan shanunsa kwana biyu.

Ni anka bari da rami a ƙofa. Na cike shi da laka, Hajo na miƙo mini kwano tana tambaya ko akwai wani wurin da ke amsawa. Har yau mutanen Tozai Sarkin Ruwa suke kirana, kuma nakan amsa.