Kakin da Baba Mordecai Ya Ƙi

"A ɗan ɗago shi, fuskar ba ta fita sosai," in ji mai ɗaukar hoto.

Honarabul Martin ya cusa hannu ƙarƙashin wuyan Baba Mordecai ya ɗago shi, sannan ya washe haƙora yana kallon kyamara. Baba yana da shekara casa'in da tara, kuma kwana goma sha ɗaya ke nan ba abin da ke shiga cikinsa sai kunu. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, dawowata ke nan daga makarantar da nake koyar da tarihi a Samaru. Shekara huɗu ina haya a gidan nan na Chikaji, ban taɓa ganin ƙafar Honarabul a ciki ba sai da zaɓe ya rage wata biyu.

"Baba gwarzo ne," ya ce wa kyamara. "Shi ya je Burma ya kori Hitila."

"Hitila bai je Burma ba, ranka ya daɗe," na ce. "Japanawa ne."

"Duk ɗaya ne, Malam."

Har da tela ya zo, Chukwuka na bakin kasuwar Sabon Gari. Shi kam da kunyarsa, yana auna kafaɗar tsohon yana cewa, "Sannu Baba, yi haƙuri Baba." Honarabul ya bayyana wa Mama Edith, 'yar Baba da ke jinyarsa, cewa za a ɗinka sabon kaki. "Ranar da Ubangiji ya kira shi, duk Zariya za ta san soja ne ya tafi. Ki nemo mana lambobin yaƙinsa, a ƙirji za mu jera su." A gaban mutumin ya faɗi haka, idonsa biyu, yana numfashi.

"Za a duba," in ji Mama Edith.

Da motocinsu suka tashi, Baba ya motsa yatsa, na matso.

"Ɗan boko, sun tafi?"

"Sun tafi, Baba."

"Wannan hannunsa da sanyi. Na wancan zaɓen ya fi shi iya ɗaga mutum."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Malam Jafaru, magini ɗan shekara saba'in wanda a hannun Baba ya koyi gini, shi ya ba shi ruwa. Kullum bayan La'asar yana nan a kan wannan kujera, ba mai ɗaukarsa hoto.

"Da muka dawo daga yaƙi," in ji Baba, "Bature ya ce aiki na jiranmu. Wata bakwai ina bin layi da kaki a jikina, ba aiki. Sai 'yan jam'iyya suka zo, suka ce mu tsofaffin soja mu sa kaki mu shige gaba a taro, wai 'yan doka za su ji kunyar dukanmu." Ya buɗe baki ya nuna mini giɓin gefe. "Ba su ji ba. Masu jawabin suna can baya, daga baya suka zama manya. Ni kuma na yage kakin na yi gammo da shi, na fara ɗaukar tubali."

Ya riƙe mini hannu.

"Sau biyu an sa mini shi don amfanin wani. Kada a sa mini na uku. Rigar aikina tana bayan ƙofa."

Mama Edith tana tsakar gida tana wanke kwano. Ban sani ba ko ta ji.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika, tana fifita masa kunu.

Kafin yamma gidan ya cika da dangin da ban taɓa gani ba. Waɗanda ba su kawo ko lemu ɗaya lokacin jinya ba, su ne suka fi kowa sanin yadda ake binne soja. Honarabul ya aiko cewa akwati nasa ne, rumfa da kujeru nasa, har da masu busa ƙaho. Kawunan nan duk suka hau gyaɗawa kamar ƙadangaru a kan katanga.

Na miƙe na faɗi abin da Baba ya ce. Na faɗa da ƙarfi, na kuma ƙara da nawa: shekara kusan tamanin ana yi wa mutumin nan alkawari, Turawa sun yi, 'yan jam'iyya sun yi, sojoji sun yi, yanzu gawarsa ma sai ta yi wa wani yawon neman ƙuri'a?

"A yi haƙuri, Malam Japheth," in ji wani dattijon coci. "Girmamawa ce."

"Girmamawa tana zuwa da kyamara?"

"Japheth," in ji Mama Edith, ba ta ko ɗaga murya ba, "kai ɗan haya ne. Zauna."

Na zauna. Na raina kowa a tsakar gidan nan, har da ita.

Ranar Asabar da sassafe ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce in raka ta ɗakin ajiye gawa. Muka hau Keke Napep. Da muka isa ta miƙo mini baƙar leda. Na buɗe, sai ga shuɗiyar rigar aikin Baba da siminti ya ci wuyanta.

"Kakin fa, Mama?"

"Chukwuka ya ɗinka shi da kyau. Zai yi wa maigadin coci daidai." Ta dube ni. "Kai komai sai ka yi ihu. Riƙe masa hannu in sa."

Muka sa masa. Ta ɓalle maɓallan har wuya, ta ce wa masu akwati su buga ƙusa, ba wanda zai buɗe.

Sauran kuwa an yi yadda Honarabul ya so. An shimfiɗa tuta a kan akwati, an busa ƙaho, ya yi jawabin minti arba'in, a ciki ya ambaci Baba sau uku, hanyar da zai shimfiɗa wa kwalta a Zabi sau tara. Ya ce gwarzo yana kwance cikin kakinsa. Aka tafa. Mama Edith ta sunkuyar da kai.

A maƙabarta sai da aka jira, don ruwan sama ya zubar da gefe ɗaya na ginin kabarin, Malam Jafaru yana ciki yana sake jera bulo. Honarabul ya matso kusa da Mama Edith.

"Mama, lambobin fa? Mai hoto yana jira."

Ta nuna masa ramin.

Malam Jafaru yana riƙe da zaren da magina ke saki don su ga ko bango ya miƙe. A ƙarshensa an ɗaure ƙarafa uku, biyu masu siffar tauraro, ɗaya kamar kwabo, duk busasshen siminti ya rufe rubutunsu.

"Su ne waɗannan, ranka ya daɗe," ya ce. "Tun ina saurayi da su muke awo. Maigida ya ce ba su da wani amfani sai nauyi. In kana so, sauko ka karɓa."

Honarabul ya dubi taɓon da ke cikin ramin, ya dubi farar shaddarsa da takalminsa. Ya ce wa mai hoto a ɗauki tutar kawai.

Malam Jafaru ya ɗora bulo na ƙarshe, ya dafa zaren a bakin ginin ya sake shi. Ƙarafan suka yi lilo, suna ɗan bugun juna, har suka tsaya cak a jikin bangon.