Rigar Kafinta

Tsohuwar ba ta bi layi ba. Ta banko ƙofar ɗakin da ake ba masu son barin taba shawara, ƙirjinta na ƙugi, ta dangwarar da wata shuɗiyar riga a kan tebur.

"Shinshina, 'yar nan."

Ma'aikaciyar ta shinshina. "Sabulu nake ji, Mama."

"To ƙarar da na kawo ke nan! Ke kika ce wa ɗana a raba gida da duk abin da ke warin taba?"

"Ni ce. Huhunki..."

"Huhu kawai kika sani! Rigar ubansa ce. Shekara uku tana rataye bayan ƙofa, ko ƙuda ban bari ya sauka a kanta ba. Jiya na tarar da ita a igiya tana ɗiga. Ki maido min da abina."

Ita fa ba ta taɓa shan taba ba sai da mijinta kafinta ya rasu. Ragowar kwalinsa ta riƙa kunnawa don ɗakin ya yi kamar yana nan, har hayaƙin ya kama ta. Kwana tara ke nan da ta daina, rigar ce ke riƙe da ita. Yau kuwa ga kara ɗaya da ashana ƙulle a bakin zanenta.

"Na yi kuskure, Mama, ki yafe ni. Amma warin taba kaɗai Baba yake yi?"

"Wari? Mijin nawa? Ke dai ba ki da kunya! Mutumin da in ya shigo..." Can ta ce, "Katako. Sabon yanka."

Daga asibiti ba ta nufi gida ba, tsohon shagonsa ta wuce. Abokin aikinsa na nan yana goge allon ƙofa.

"Kai, mai kunnen ƙashi, yanko min guntu."

Ta zauna a benci, ta kara itacen a hanci, ta ja numfashi a hankali har ƙirga huɗu, yadda yarinyar can ta asibiti ta koya mata. Ba shi ba ne. Babu zufar, babu tarin nan nasa na bakin ƙofa. Amma rabinsa ya zo.

Ta kwance bakin zane, ta miƙa wa mutumin tabar.

"Riƙe min. In na dawo nema, ka ce ba ka san ni ba."

Ta naɗe itacen cikin rigar, ta rungume.