Madubin da Ba a Taɓawa

Tun bara da Don Evaristo Larralde ya harbi namijin barewa a tumbi maimakon bayan kafaɗa, sakatar bindigarsa, wadda in babu ita bindiga ba ta tashi, ta koma zama a jakar 'yarsa Nélida, tare da man leɓe da makullin mota. Kwana uku suna bin jini cikin dajin itatuwan kalden, da suka isa ungulaye sun riga su. Shekara arba'in yana farauta, dabba ba ta taɓa kwana da harsashinsa a jiki ba. Shi da kansa ya zare sakatar ya miƙa mata, lokacin da kunyar ke da zafi. Da ta huce ya nemi abinsa, Nélida ta ce sai ranar da ta gamsu yana gani.

Watan Maris ya kama, mazan bareyi suka fara ruri da asuba, tsoho ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kamar kowane namiji mai shekara sittin da takwas, ya yi bincike mai zurfi ya gano cewa laifin kayan aiki ne. Ya sa ta kai shi garin General Acha, shagon Casimiro Bustos, abokinsa tun zamanin soja, don ya sayi sabon madubin hangen nesa na bindiga.

"Wanda ke jawo abu sau ashirin da huɗu nake so," in ji shi.

Casimiro ya dube shi ta saman tabarau. "Barewa za ka harba, ko ƙudan da ke kanta? Kai tsoho, a dajinku daga taku saba'in ake harbi, rana na faɗuwa. Da wancan gashi kawai za ka gani, ba ka san wuya ba ne ko gindi. Kuma rawar hannunka ma sau ashirin da huɗu zai jawo ta."

"Hannuna ba ya rawa."

"To kofin da kake riƙewa ne ke jin sanyi, Baba," in ji Nélida.

Casimiro ya ɗauko wani mai jawowa sau shida kacal, amma mai faɗin baki, mai tara haske. Sai dai yana da doka: ba ya sayar da madubi da rana tsaka, don da rana ko gindin kwalba madubi ne. Suka zauna ƙoƙon shayin mate na zagayawa tsakaninsu, suna zagin gwamnati da farashin nama, har inuwa ta cinye titi.

A bayan shagon akwai fili, can ƙarshensa katanga da aka rataye wa tsohon ƙahon barewa mai rassa. Casimiro ya ɗora bindigar Evaristo a kan tebur, ya ce a fara da tsohon madubin. Ya kai hannu ga baƙin salatif ɗin da aka naɗe wajen ido da shi.

"Kul! Ba a taɓa shi. Shekarar da aka haifi yarinyar nan na saita shi."

"Yarinyar tana da jika a hanya, mutumina. Duba ka gaya mini, me kake gani?"

Evaristo ya sa ido. Ya daɗe. "Gicciye biyu. Tsakaninsu nake aunawa."

"Tun yaushe, Baba?"

"Shekara shida. Ko bakwai."

Bai juyo ya kalle ta ba. Ya yi zaton makanta ce ke tafe, shi ya sa bai faɗa wa kowa ba, har likita, wanda dama ba a zuwa wajensa sai da labari mai daɗi.

Casimiro ya ɓare salatif ɗin. Ya ce zoben da ke ƙarƙashinsa ba ruwansa da saiti, aikinsa daidaita gicciyen cikin madubin da idon mai shi, kuma idon ɗan shekara talatin aka daidaita masa. Ya murza a hankali. Layukan biyu suka matso, suka haɗe, suka zama ɗaya siriri kamar gashin wutsiyar doki. Evaristo ya goge ido, ya ce ƙura ce.

Amma katangar tana nan dishi-dishi. Casimiro ya ɗora sabon a kan buhun yashi, ya murza masa zoben shi ma.

"Rassan ƙahon nawa ne?" in ji Nélida.

"Goma sha ɗaya."

"Sha biyu," in ji Casimiro cikin tausayi. "Ni na harbe shi."

Nélida ta taka har can ta dawo. "Sha ɗaya ne, Kawu. Ɗaya ya karye, ga dungun nan. Kai ma sai mu sa taka sakatar a jaka."

Evaristo ya miƙa hannu a ba shi sakatarsa. Ta zauna abinta, ta sake zuba ruwan zafi a ƙoƙo, ta sha ba gaggawa. Bayan minti goma ta ce, "Sake ƙirgawa, Baba."

Ya sa ido. Duhu ya fara sauka, ƙahon ya narke cikin katanga. Ya san amsar, kalma uku ce, ba wanda zai kama shi. Sai ya tuna ungulayen nan da suka ƙi tashi ko da ya jefe su.

"Ba na gani," in ji shi. "A irin wannan hasken ba zan harba ba."

Ta buɗe jaka, ta ture man leɓe gefe, ta ciro sakatar ta ajiye a tafinsa. Tana ƙanshin turare. Ya shinshina ya yamutsa fuska.

"Barewa za ta jiyo wannan daga taku ɗari biyu."

"To ka wanke," in ji ta. "Kawu, naɗe masa mai faɗin bakin. Salatif ɗin kuma a bar shi nan."