Gishirin da Kuttappan Bai Ji Ba

Payasam ɗin bana, kunun zaƙin da ake yi a bikinmu na girbi wato Onam, ya ƙare ƙarƙaf kafin ƙarfe biyu na rana, mutum ɗari da tamanin suka sha, wasu har da lashe ganyen ayabar da aka zuba musu a kai. Kwamitin unguwar Puthenkara ya yaba wa Kuttappan, mai shekara saba'in da ɗaya, wanda ya shekara talatin da huɗu yana riƙe da muciyar wannan tukunya. Abin da kwamitin bai sani ba shi ne, tun zazzaɓin da ya kwantar da shi a farkon damina, harshen Kuttappan ba ya bambance zaƙi da gishiri.

Mu uku ne a bayan ɗakin taro da safiyar ranar: shi, da Thankamani, wadda ta shekara ashirin tana tace masa madarar kwakwa, sai ni da aka bar wa kankarar kwakwa.

Aikin ya fara yadda aka saba. Kuttappan ya soya ɓararren ƙaramin wake da man shanu a faffaɗar tukunyar tagulla har ya yi ja. Thankamani ta matse kwakwa arba'in sau uku, ta jera bokitai uku: madarar farko mai kauri, ta biyu, sai ta uku mai kama da ruwan wankin shinkafa. A ta ukun aka dafa waken. A gefe guda mazarƙwaila na narkewa a wata tukunya.

Ƙarfe tara saura, Kuttappan ya ɗiga mazarƙwailar a tafin hannu, ya lasa, ya gyaɗa kai.

"Ta yi. Kawo rariya."

Thankamani ta kawo. Tana tacewa sai ɗigo ya fallatsar mata a yatsa, ta kai baki. Ta tsaya. Ta ƙara lasa.

"Cetta," in ji ta, yadda take kiransa a matsayin yayanta, "payasam za mu yi ko miyar kifi?"

"Wane irin zance ne wannan?"

"Gishiri ne fal a ciki. Wa ya sayo ta?"

"Ni na zaɓo ta da kaina."

"Da kanka. Ka ɗanɗana a shagon?"

"Ke, tun ba ki iya ɗaura zani ba nake ɗanɗana mazarƙwaila."

"To ɗanɗana wannan."

Ta ɗebo madarar farko a cokali, ta juya baya kamar tana gyara itace, sannan ta miƙa masa. Na ga ta barbaɗa gishiri a ciki. Ya kurɓa, ya juya ta a baki.

"Kwakwa mai kyau," ya ce.

Waken na ta ɓararraka. Kuttappan ya kalle ta, ya kalle ni, ya ajiye cokalin a bakin murhu.

"Wata uku ke nan," ya ce. "Shayi, barkono, ayaba, duk ruwa ne. Na ɗauka zai dawo kafin Onam."

"Da ka juye wannan a tukunya, da sunanka ne ba zai dawo ba."

"In Malam Ouseph ya ji, zai karɓe muciyar ya ba masu girkin haya daga birni."

Malam Ouseph, tsohon malamin makaranta, shi ne shugaban kwamiti, kuma shekara biyu ke nan yana kawo wannan shawara.

Shaguna a rufe suke ranar saboda biki. Thankamani ta goge hannu, ta bi layin gida gida. Abin da ta faɗa wa mata shi ne an samu yashi a mazarƙwailar kwamiti. Cikin minti arba'in ta dawo da kwando cike da dunƙulaye, wani baƙi, wani ja, daga gida goma sha ɗaya. Kowanne sai da ta gutsura ta ɗanɗana. Biyu masu gishiri ta ware gefe.

Daga nan aikin ya rabu biyu ba tare da an yi shawara ba. Shi ke juyawa, yana sauraren yadda tukunyar ke huci, yana kallon yadda payasam ke zuba daga muciya. Ita ke ɗanɗanawa.

"Madara ta biyu," ya ce.

"Ƙara mazarƙwaila tukuna. Wannan ko jariri ba zai ruɗa ba."

"Za ki lalata mini abu da kwaɗayinki."

"Juya dai, tsoho. Hannun ne ya rage maka."

Da ya yi kauri, ya sa aka janye itacen gaba ɗaya kafin madarar farko ta shiga, don in ta tafasa za ta tsinke. Ya zuba garin busasshiyar citta, ta ce a ƙara, ya ƙara. Soyayyen kashu da gutsattsarin kwakwa suka hau kai a ƙarshe.

Bayan an ci abinci, Malam Ouseph ya zagayo baya yana share gashin baki.

"Kuttappan, na janye maganata. Na bana ya fi na bara. Baɗi ma kai ne, ko?"

Kuttappan ya ce zai ba da amsa a taron kwamiti ranar Lahadi.

Da Malam ya tafi, Thankamani ta ci gaba da kankare gindin tukunya.

"Ni ba zan faɗa ba," ta ce. "Amma baɗi ba zan sake yin ƙaryar yashi ba. In harshena za a yi aiki da shi, a kira sunana a gaban mutane."

A unguwar nan ba a taɓa ba mace wannan tukunya ba. Taron na ƙarfe huɗu ne. Har zuwa yammacin Asabar, Kuttappan bai gaya wa ko ɗayanmu abin da zai ce ba.